Motoci masu haɗe da intanet: Wa ke da ikon ganin bayanan direba a Amurka?

Mota mai haɗe da intanet ita ce wadda aka ƙera da layin sadarwa a jikinta, tana aika bayanai zuwa rumbun kamfanin da ya ƙera ta ko da direba bai taɓa komai ba. Galibin sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka da Turai irinta ne. Muhawarar da ake yi a kansu ta ta'allaƙa ne a kan tambaya ɗaya: idan 'yan sanda suna son waɗannan bayanai, sai alƙali ya sa hannu, ko takarda daga ofishinsu ta wadatar?

Abin da mota ke tarawa

Motar tana adana wuraren da ta je da lokutan da ta tsaya, da gudun da aka yi, da yadda aka taka birki. Idan aka haɗa waya da allon gabanta, tana iya kwafe lambobin mutane da jerin kiraye-kiraye da saƙonni. Tarihin tafiye-tafiye kaɗai ya isa ya nuna asibitin da mutum ke zuwa, da wurin ibadarsa, da taron siyasar da ya halarta, da gidan da ɗan jarida ya gana da majiyarsa.

A watan Satumban 2023, gidauniyar Mozilla ta binciki ƙa'idojin sirri na tamburan motoci 25, kuma babu ko ɗaya da ya tsallake. Kashi 56 cikin ɗari sun rubuta cewa za su iya miƙa bayanai ga hukuma idan ta nema kawai, ba lallai sai da umarnin kotu ba.

Hanyoyi biyu da 'yan sanda ke bi

Hanya ta farko ita ce neman bayanai daga kamfani. A dokar Amurka akwai bambanci tsakanin waranti da sammacin neman bayanai. Waranti alƙali ne ke bayar da shi, bayan an gamsar da shi cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargin laifi. Sammaci kuwa, sau da yawa mai gabatar da ƙara ko wata hukuma na iya fitar da shi ba tare da alƙali ya duba ba.

A 2014 kamfanonin motoci suka yi alkawarin cewa ba za su saki bayanan wurin da mota take ba sai da waranti ko umarnin kotu. Amma a watan Afrilun 2024, Sanata Ron Wyden da Sanata Edward Markey suka shaida wa hukumar kare masu sayen kaya ta FTC cewa kamfanoni takwas, ciki har da Toyota da Nissan da Volkswagen da BMW, suna karɓar sammaci kawai. GM da Ford da Honda da Stellantis da Tesla ne ke dagewa a kan waranti, kuma Tesla kaɗai ke sanar da mai mota cewa an nemi bayanansa.

Hanya ta biyu ita ce kwashe bayanan daga jikin motar. Kamfanin Berla da ke jihar Maryland yana sayar wa jami'an tsaro na'urar da ke yin wannan aiki. Tun 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a binciki mota ba tare da waranti ba idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, sai dai a wancan zamani abin da ake nema barasa ce, ba kwamfuta ba.

Inda doka ta tsaya

A 2012, a shari'ar Jones, Kotun Ƙoli ta ce liƙa wa mota na'urar bin sawu bincike ne da tsarin mulki ya yi wa iyaka. A 2018, a shari'ar Carpenter, ta ce dole a nemi waranti kafin karɓar tarihin wuraren da wayar salula ta bi. Masu kare haƙƙin sirri na cewa hujjar ta shafi mota ma. Jami'an tsaro kuma na nuna amfanin bayanan wajen gano motar sata ko ceto wanda aka sace, inda jinkiri kan iya jawo asarar rai.

Ba hukuma kaɗai ke kwaɗayin bayanan ba. A 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa GM na miƙa bayanan tuƙi ga dillalan da ke sayar wa kamfanonin inshora, lamarin da ya sa FTC ta ɗauki mataki a kansa a watan Janairun 2025. A ƙarshen 2024 kuma, bayanan motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen suka kasance a buɗe a intanet saboda sakacin wani reshensa.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya daban. Tun 2018 ta wajabta wa sababbin samfuran motoci tsarin eCall, wanda ke kiran lambar gaggawa ta 112 idan an yi haɗari, amma dokar ta hana amfani da shi wajen bibiyar mota a sauran lokuta. A Amurka babu dokar tarayya guda da ta game batun sirrin bayanai, don haka kariyar da direba ke samu ta danganta da jihar da yake zaune da tambarin motar da ya saya.