Sandar Fatsa Mai Gaɓa-Gaɓa: Tarihin Mahaɗinta da Jera Zobbanta

Fatsar ƙwaron jabu wani nau'in kamun kifi ne da ake ɗaura gashin tsuntsu da ulu a jikin ƙugiya har su yi kama da ƙwaro, a jefa a saman ruwa, kifi ya ɗauka abinci ne. Ƙwaron ba shi da nauyin da zai kai kansa nesa, nauyin igiya ne ke ɗaukarsa, sanda kuma ita ke wulla igiyar. Saboda haka sandar ke bukatar tsawo da lanƙwasa, tsawon nan kuwa shi ya tilasta rarraba ta gaɓa-gaɓa don a iya tafiya da ita.

Wajen shekara ta 200 miladiyya, marubucin Rum Eliyan ya ba da labarin mutanen Masidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya. Sandarsu ƙafa 6 ce, igiyar ma haka, don haka ba ta bukaci mahaɗi ba. Bayani na farko mai gamsarwa game da sanda mai gaɓa ya zo ne a wata maƙala kan fatsa da aka buga a Ingila a 1496, wadda ake jingina ta ga wata mata mai suna Juliana Berners. Ta umarci masunci ya sari itacensa da hunturu, ya gasa ya miƙar da shi, ya busar a hayaƙi, sannan ya ƙwaƙule cikinsa da ƙarfe mai zafi. A ɗaure bakunan da ƙawanyar ƙarfe don kada su tsage. Siririn kan sandar a cikin ramin gindin ake ɓoye shi, mai ita ya kama hanya kamar mai dogara sanda, ba wanda zai gane inda ya nufa.

A wancan zamani babu wata maganar jera gaɓoɓi. Igiyar gashin wutsiyar doki ce, a tsinin sanda ake ɗaure ta, ko ta wace fuska aka cusa kan a gindi daidai ne. Haka abin yake har zamanin Izaak Walton, wanda littafinsa kan fatsa ya fito a 1653, da abokinsa Charles Cotton da ya ƙara wa littafin sashen ƙwaron jabu a 1676, lokacin da sanda kan kai yadi 5 ko 6. Canji ya zo da kwarkwaron naɗe igiya, wanda aka fara ambata a littattafan Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, ya yaɗu a na 18. Igiya ta zama mai gudu: tana fita daga kwarkwaro kusa da hannu, ta bi ta ƙananan zobba da aka ɗaura a jikin sanda har tsini. Daga ranar da aka ɗaura zobe, kowace gaɓa ta samu ciki da baya. In zobban wata gaɓa suka kauce, igiya za ta riƙa goga, jifa ya gajarta, sandar kuma ta murɗe in babban kifi ya ja.

Hanya biyu aka bi wajen haɗa gaɓoɓin. Ta farko ita ce a fiƙe bakin kowace gaɓa a karkace, kamar yankan alƙalami mai tsawo, a kwantar da fuska kan fuska, a naɗe da zare mai kaki ko tsirkiyar fata. Wannan mahaɗi yana lanƙwasa tare da itacen, kuma fuskokin biyu hanya ɗaya tak suke haɗuwa, don haka zobba kan jeru da kansu. Aibinsa cin lokaci, da kuma wahalar naɗi da yatsun da sanyi ya ƙage. Masu kamun kifin salmon a Sukotland sun daɗe suna riƙe da shi, domin salon jifansu na kogin Spey yana murɗa sanda ƙwarai. Alexander Grant na Inverness ya ƙera irin wannan sanda da wani katako mai nauyi da ake kawowa daga Guyana, kuma a 1895 ya jefa igiya yadi 65 da ita a kogin Ness.

Ta biyu ita ce mahaɗin ƙarfe, mace da namiji, ɗaya ya shige cikin ɗaya. Ya fi sauri, shi ya sa ya ci kasuwa, amma ya zo da nasa ciwon kai. Ƙarfe ba ya lanƙwasa, sai itacen ya riƙa karyewa daidai bakinsa. Ruwa kan shiga ya ruɓar da katako. Da yake kuma zagayayye ne, ba abin da ke hana shi juyawa. Da farko akan sa ɗan ƙarfe a kowane gefe na mahaɗin, masunci ya ɗaure su da zare don kada kan sanda ya fice ya bi ruwa. Daga baya kamfanin Hardy, da aka kafa a Alnwick a 1872, ya fito da mahaɗi mai kulle kansa in aka ɗan murɗa shi, wanda ke tsayawa a inda zobba suka daidaita.

A Amurka kuwa gora ce ta yi tashe. Samuel Phillippe, maƙerin bindiga a Easton ta jihar Pennsylvania, ya fara tsaga gora yana feƙe ta yana mannawa a wajejen 1846. Hiram Leonard na Bangor ya kai sana'ar ga kamala a shekarun 1870, da tsagi shida da ke haɗuwa su ba da sanda mai fuska shida. Ya kuma gyara mahaɗin: ya toshe cikinsa don hana ruwa, ya tsattsaga bakinsa don ya ɗan bi lanƙwasar gora. Fuskokin nan shida sun zama ma'auni ga ido da yatsa, domin zobba a fuska ɗaya ake ɗaure su. Ƙa'idar irin wannan sanda ita ce a daidaita tun kafin a tura, a tura a miƙe, kada a murɗa, don murɗi na iya ɓanɓare mannin gorar. Tsofaffin masunta kan goga namijin mahaɗin a gefen hancinsu ya sami maiƙo, dabi'ar da maƙeran sanda da yawa ba sa so, don maiƙo kan tara ƙura.

Gorar da ta fi kyau daga kudancin Sin take zuwa, sai takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sin a 1950 ya yanke ta. Lokacin kuwa sandar zaren gilashi ta riga ta shigo kasuwa. A farkon shekarun 1960 Jim Green na kamfanin Fenwick ya kawar da ƙarfen gaba ɗaya: gindin gaɓar sama ya zama kube, ya hau kan gaɓar ƙasa. Wasu kamfanoni suka zaɓi manna ɗan turke a cikin gaɓar ƙasa, ta sama ta hau shi. A irin wannan da gangan ake barin 'yar tazara tsakanin gaɓoɓin don cin da zai yi nan gaba, kuma sabon shiga kan ɗauka bai shiga ba ne, ya danna har ya tsaga. Zaren kabon ya biyo baya a 1973.

Da mahaɗi ya yi sauƙin nauyi ya kuma iya lanƙwasa, yawan gaɓoɓi ya daina zama aibi. Sanda mai ƙafa 9 da a da ake raba ta biyu, yau galibi huɗu ake raba ta, kowace gaɓa kimanin santimita 70, ta shiga jakar matafiyi a jirgin sama. Mahaɗi uku ke nan da za a daidaita maimakon ɗaya, shi ya sa kamfanoni da dama ke ɗiga ɗigon fenti a gefe biyu na kowane mahaɗi. Ƙa'idar ma ta juya: a sandar kabon, ana sa gaɓa a kauce da kamar rubu'in juyi, a tura ana murɗawa har ɗigo ya fuskanci ɗigo, murɗin ne ke kama ta. Da yawa kan fara daga tsini su gangaro, don kada nauyin gindi ya hana su sarrafa siririn kan. In an gama, sai a ɗaga sandar a leƙa ta cikin zobba kamar mai auna bindiga, domin ɗigo kan yi kuskure, zoben ne igiya ke bi. Akan shafa kakin kyandir kaɗan a namijin, a kuma riƙa duba mahaɗan cikin yini, saboda mahaɗin da ya yi sako-sako shi ke tsagewa. Masu jifan Spey da dogayen sanduna na hannu biyu har yanzu sukan naɗe kowane mahaɗi da salatif ɗin masu gyaran lantarki kafin su shiga ruwa.