Ido Ke Fara Ciniki: Tarihin Bangon Faifai Da Mujallun Mawaƙa

Mu 'yan kasuwa mun san abu guda tun muna yaran shago: kafin mai saye ya taɓa aljihu, idonsa ne ke fara ciniki. Shi ya sa mai goro ke jera manya a saman huhu, mai tumatir kuma ya ɗora jajaye a bakin kwando. To, masu buga faifai da mujallun mawaƙa ma wannan dabara suka bi, kuma tarihinta ya shafe mu.

An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fataucin shanu da goro ya bunƙasa. Iyayenmu sun zo da allo da ajami, kaɗan ne suka yi boko. Saboda haka da garmaho ya shigo gari, da yawansu ba sunan mawaƙi suke karantawa ba, fuskarsa suke nema a jikin kwali. Hoto shi ne rubutun da kowa ya iya.

Masu mujallu sun gane haka da wuri. Mujallar Drum ta fara fitowa a Afirka ta Kudu a 1951, daga baya ta samu bugun Nijeriya, ta cika shafukanta da hotunan mawaƙa da 'yan dambe da 'yan ƙwalisa. Duba yadda ake tsara irin wannan bango. Sunan mujalla yana can sama da manyan baƙaƙe, don mai talla yakan jera su ɗaya kan ɗaya, kai kawai ake hangowa. Fuska guda babba a tsakiya, idonta na kallon mai wucewa. Ja da rawaya, saboda su ake gani daga cikin mota. A gefe kuma gajerun kanun labarai masu ja da rai, a faɗi rabi a ɓoye rabi, sai ka biya ka ji ƙarshe. Launi yana da tsada, don haka akan zuba shi a bango da shafin tsakiya, sauran a bar su baƙi da fari. Shi shafin tsakiyar nan, cire shi ake yi a manna a shagon aski ko na tela, ya zama talla kyauta.

Maƙwabtanmu Yarbawa sun riƙe wannan sana'a da kyau. Faifan Haruna Ishola da Yusuf Olatunji da Ebenezer Obey da Sunny Ade sukan fito da hoto cikin babbar riga, ga suna, ga jerin waƙoƙi, ga tambarin kamfani. A 1974 wani matashi mai suna Lemi Ghariokwu ya fara zana wa Fela kwalin faifai, ya yi masa har 26, kowanne kamar shafin jarida mai ba da labari. Yau ana baje kolin zanen nan a ƙasashen waje.

Mu fa? Kamfanoni irin su EMI sun ɗauki waƙoƙin mawaƙan Arewa, amma da kaset ya yawaita a shekarun 1970 da 1980, sai kwafe-kwafe ya ci kasuwa. Mai shago zai juye maka waƙa daga rikoda zuwa rikoda, ya rubuta "Shata" da biro, shi ke nan. Ba hoto, ba shekara, ba sunan makaɗa da 'yan amshi. Mun samu araha, amma mun yi asarar tarihi. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, Allah ya jiƙansu. Tambayi yaran da aka haifa a Sabo ko Shasha ko Ojoo, nawa ne za su nuna maka fuskar Ɗanƙwairo a cikin hotuna uku?

Sai a ƙarshen shekarun 1990 muka samu namu mujallun nishaɗi. Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, ta ɗauko salon mujallun fina-finan Indiya irin su Stardust, kuma a cikinta Sunusi Shehu ya fara amfani da sunan Kannywood a 1999. A wannan shekarar ce Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a Kaduna. Na fim ne su, gaskiya, amma waƙa ce ke sayar da fim ɗin Hausa, don haka mawaƙa suka samu shafi da hoto da hira. Direbobin Kano sukan sauko mana da su, kwafi ɗaya ya zaga layi guda. An yi ta ƙorafi kan hotunan 'yan mata a bango, malamai suka yi magana, kuma ƙorafin yana da tushe. Amma duk mai son sanin wa ya rera me, a wace shekara, dole ya koma ga waɗannan shafuka.

Ashe abin da aka yi don jan mai saye shi ya zama ma'ajiyar tarihi. Yanzu waƙa ta koma cikin waya, yaro na da dubu a aljihu bai san mai ko guda ba.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a ware akwati ɗaya a ofis. Duk mai tsohon faifai da kwalinsa, ko kaset mai hoto, ko tsohuwar Fim da Tauraruwa a ƙarƙashin gado, ya kawo kafin gara da damina su gama da su. A rubuta sunan mai shi, dattawa su faɗi abin da suka sani a rubuta, matasa su ɗauki hoto da waya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya ba mu ikon yi, amin.