Sayen wuƙa mai naɗewa ta hannu a intanet: inda rigima ke tashi da inda ake kai ƙara

Duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato, tallan wuƙaƙe kan cika Facebook da zaurukan WhatsApp. 'Yan'uwanmu da ke Agege da Mile 12 a Legas, da Sabo a Ibadan, da Ama Hausa a Owerri, da yawansu sukan ga hoto daga Jos, su tura kuɗi, a ɗoro musu kaya a mota. Wani ya dace, wani kuma ya buɗe ƙunshi ya tarar da abin da bai saya ba. Wannan bayani ne a kan wuƙa mai naɗewa ta hannu, wato wadda wani ya yi amfani da ita, kuma mai ita ne ke sayarwa da kansa, ba shago ba.

Wace wuƙa ake magana?

Wuƙa mai naɗewa ita ce wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota, a sa ta a aljihu ba sai da kube ba. Ba ita ce wuƙar yanka ba. Ta yanka doguwa ce miƙaƙƙiya. Wannan kuwa ta ƙananan ayyuka ce: yanke igiya a kara, fiɗa, gyaran nama, fere rake. Iri uku ne suka fi yawo a talla.

Na farko ƙirar kamfani. Akwai Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902, daga baya a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Akwai Opinel ta Faransa mai ƙotar katako, tun 1890, da Victorinox ta Suwizalan, kamfanin da aka kafa a 1884.

Na biyu ƙirar hannu, wadda maƙeri ya yi guda ɗaya bisa oda. Maƙeranmu na gida sukan yi ruwan da ƙarfen sifirin na mota, su yi ƙota da ƙahon sa ko katako ko tagulla. Irin wannan ba ta da farashi tsayayye, ba ta da kwali, ba ta da takarda, shi ya sa rigimarta ta fi wuya.

Na uku jabu. Ana buga tambarin manyan kamfanoni a jikin wuƙa mai arha. Ana kuma zana wa ƙarfe layi-layi da sinadari a ce Dimashƙa ne, alhali zanen a sama kawai yake.

Me ya sa cinikin intanet ya bambanta?

Mahaifina falken shanu ne, a gabansa na tashi ina ganin ciniki a Kara ta Bukuru. Can ba a sayen sa tsakanin mutum biyu kawai. Akwai dillali, yana karɓar la'ada, kuma idan aka gano san na sata ne ko yana da ciwon da aka ɓoye, shi za a fara nema. A Sabo ta Ibadan ma da haka aka gina fataucin shanu da goro: baƙo ya sauka wajen maigida, maigidan ya tsaya masa a kan bashi da amana.

A intanet wannan mutum na tsakiya ne ya ɓace. Jiji da Facebook Marketplace allon talla ne, suna haɗa ka da mai kaya, amma kuɗin kai tsaye kake tura masa ta banki ko OPay ko Moniepoint. Jiji da kansa yana gargaɗin masu saye kada su biya kafin su ga kaya. To mutumin da ke Fatakwal, kayan kuma suna Gangare ko Unguwar Rogo, yaya zai gani kafin ya biya? Nan ne tushen matsalar, kuma maganinta shi ne a dawo da mai tsayawa a tsakiya kafin kuɗi su fita.

Rigingimun da aka fi samu

1. Hoto daban, kaya daban. An nuna ƙotar ƙaho, ta iso da roba. An ce ƙirar hannu ce, ashe ta kamfani ce aka goge tambarin.

2. Aibin da aka ɓoye. Wuƙar hannu tana da wuraren da take mutuwa: makullin da ke riƙe ruwa ya saki, ƙusar tsakiya ta yi sako-sako har ruwan yana kaɗawa, baki ya yi giɓi, tsini ya karye an sake feƙe shi, ko tsatsa ta ci cikin ƙota. Makulli shi ne mafi haɗari, don idan ya saki kana tsakiyar aiki, a kan yatsunka ruwan zai rufe.

3. Kaya sun ɓace a hanya. Mai sayarwa ya ce ya kai tashar Bauchi Road ya ba direba, mai saye ya ce bai ga komai ba. Idan babu takardar webil, babu lambar mota, babu lambar direba, magana ta zama rantsuwa da rantsuwa.

4. An biya, an rufe waya. Wannan ba rigimar ciniki ba ce, damfara ce.

5. Laifin mai saye. Shi ma yakan faru. Wani zai karɓi wuƙa ya yi aikin layya da ita kwana uku, ya kai ta injin wasawa ya cinye bakin, sannan ya ce a dawo masa da kuɗinsa. Wani kuma ya tura alat na bogi.

Ni ma na taɓa faɗawa ta biyu. Na saya wa wani ɗan'uwanmu mai suya a Legas wuƙa daga hannun wani da na gani a Facebook, ban je na duba ba don ina ganin ai duk cikin Jos muke. Da ta isa sai ga makulli ba ya kamawa. Mai ita ya ce lafiya lau ya ba da ita, kuma duk maganarmu a kira muka yi, ba ni da ko layi ɗaya a rubuce. Daga aljihuna na biya.

Abin da fiƙihu ya ce

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da tattauna sayen abin da ba ya gabanka. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ba a yarda a shardanta biyan kuɗi tun farko ba, sai in kayan suna kusa ko kuwa irin waɗanda ba sa canzawa ne, kamar gida ko fili. Idan kaya suka zo ba yadda aka siffanta ba, ciniki bai hau kan mai saye ba.

Haka nan wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma idan ya ga aibin ya ci gaba da aiki da kayan, ana ɗauka ya yarda. Don haka ranar da ka ga matsala, ajiye wuƙar, kada ka wasa ta, kada ka kai ta gyara.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar sayar da kaya da Najeriya ta gada daga Ingila, ta 1893, wadda jihohi da dama suka gina tasu a kanta, ta raba abu biyu. Idan an sayar da kaya bisa siffantawa, dole su zo daidai da siffar, ko mai sayarwar ɗan kasuwa ne ko ba shi ba. Amma sharaɗin cewa kaya su zama masu inganci ya fi hawa kan wanda sana'arsa ce sayar da irin waɗannan kaya. Ma'ana, mutumin da ya sayar maka da wuƙarsa ta aljihu, abin da ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta shi ne kawai abin kama shi. Idan bai ce makulli lafiya ba, kai ma ba ka tambaya ba, hujjarka ta yi rauni.

Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana aiki da dokar 2018, tana kuma karɓar ƙorafi ta intanet. Ta fi amfani idan wanda ya sayar maka mai shago ne ko mai shafin kasuwanci da suna da adireshi.

Damfara kuwa laifi ce. A Kudu sashe na 419 na kundin laifuffuka ne ya yi magana a kanta, a Arewa kuma Final Kod. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Amma a lura: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wanda ya aiko maka da wuƙa mai aibi, maganarku ta sulhu ce ko kotu. Wanda ya karɓi kuɗi da niyyar gudu, shi ne na 'yan sanda.

Kafin ka tura kuɗi

Ka nemi kiran bidiyo. Ya buɗe wuƙar ya rufe a gabanka, ya kaɗa ruwan hagu da dama, ya danna bayan ruwan a kan katako ka ga ko makulli zai riƙe, ya nuna tsini da cikin ƙota, ya yanka takarda. Ya ɗora ta kusa da abin awo ko katin ATM da aka kife, don hoto yana ƙara wa abu girma.

Ka sa ya rubuta, ko ya yi saƙon murya: wane ne ya ƙera ta, wane irin ƙarfe ne, an taɓa gyara ta, wane aibi ya sani. Ku kuma yi magana a kan kwana nawa kake da shi na dubawa, da wanda zai biya kuɗin mota idan za a mayar.

Ka duba sunan da ya fito a asusun banki. Idan ya saɓa da sunan wanda kake magana da shi, ka tambayi dalili. Amsar “na ƙanina ne” ba ta isa ba sai ka ji muryar ƙanin.

Mafi muhimmanci, ka samu mutum a Jos. Wataƙila kana da wani a nan: ɗan'uwa a Katako, mai gwari a Farin Gada, direban tirela, mahauci. A haɗu da mai wuƙar a fili, kamar bakin Taminus, ya duba, ya biya da hannunsa, shi kuma ya kai tasha. Ka ba shi la'adarsa da daɗin rai. A ce wuƙar ta dubu arba'in ce, dubu biyu ta la'ada ta fi maka asarar arba'in ɗin gaba ɗaya.

Idan rigima ta riga ta tashi

Ka ɗauki bidiyo tun daga buɗe ƙunshi. Ka adana hoton tallan kafin a goge shi, da hirarku, da rasit na tiransifa, da webil.

Ka rubuta wa mai sayarwar a ranar, ba zagi. Ka faɗi aibin, ka faɗi abin da kake so: mayar da kuɗi ko ragi. Sau da yawa ragin kuɗin gyara ya fi sauƙi ga kowa a kan wuƙa ta sake hawa mota.

Idan ya ƙi, a nemi manya. In mahauci ne, akwai Sarkin Pawa da shugabannin ƙungiyarsu. In ɗan kasuwa ne, akwai shugaban layinsu. Akwai mai unguwa da limami. Daga Kudu, fadar Sarkin Hausawa na garin da kake tana iya haɗa ka da wanda zai yi magana a nan.

Idan ya ɓace da kuɗi, ka sanar da bankinka nan take, ka karɓi lambar ƙorafi, ka kai rahoto ga 'yan sanda. Saurin kai rahoto ne ke sa a iya tsare kuɗin kafin a kwashe. Idan banki ya yi shiru har mako biyu, ana iya ɗaga maganar zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, a lokacin tana sauraron ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba. Sai dai galibi ƙara tana bin inda wanda ake ƙara yake ne, don haka ka lissafa kuɗin mota daga Legas zuwa Jos da dawowa kafin ka fara.

Abin da ba a so ka yi: sa hoton mutum da lambarsa a Facebook kana kiransa ɓarawo. Idan ba ka iya tabbatarwa ba, kai ne za ka koma wanda ake ƙara saboda ɓata suna.

Maganar hanya

Wuƙa ba shadda ba ce. Daga Jos zuwa Kudu akwai shingayen sojoji da 'yan sanda da 'yan banga, kuma kowa ya san halin da ake ciki. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Don haka kada ka cusa wa fasinja ƙunshi ka ce masa saƙo ne kawai. A naɗe wuƙar, a ɗaure ta cikin kwali, a faɗa wa direba abin da ke ciki, a rubuta a webil, a sa rasit tare. Idan ta jirgi ne, ba a shiga da wuƙa a jakar hannu. Idan kuma mayarwa za a yi bayan rigima, a bi wannan ƙa'idar dai, kada fushi ya sa a jefa wani bawan Allah cikin abin da bai ji ba bai gani ba.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya sa albarka a nema.