Leda mai ruɓewa: mece ce, kuma za ta ruɓe a ƙasar Damagaram?

Leda mai ruɓewa ita ce wadda ƙananan halittun cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, ke iya cinyewa har ta koma ruwa da iska da taki. Baƙar ledar da ake ƙulla mana tumatir a kasuwar Dole ba haka take ba. Daga man fetur ake yin ta. Rana takan kakkarya ta, amma gutsattsarin suna nan shekara da shekaru. Ita ce ke toshe magudanan ruwa da damina, ita ce kuma mahauta ke tararwa a dunƙule cikin tumbin akuya.

Da me ake yin ta?

Masana'antu suna bin hanyoyi uku. Ta farko ita ce sitacin rogo ko masara ko dankali, wato farin garin nan da ke kwantawa in an jiƙa rogo an tace. A ƙasar Indunusiya ana yin jakar cefane da shi. Ta biyu, a bar zaƙin masara ko rake ya yi tsami, a sarrafa shi ya zama robar da ake kira PLA, ta yin kofi da cokali. Ta uku ita ce PHA, wadda wasu ƙwayoyin halitta ke tarawa a jikinsu in an ciyar da su sukari ko mai.

Akwai kuma ta bogi, mai suna okso. Ledar fetur ce aka zuba wa sinadarin da ke sa ta saurin marmashewa. Ido ya daina ganin ta, amma tana cikin ƙasa. Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun 2021.

Sharaɗin ruɓewa

To, a nan gizo ke saƙa. Ruɓewa tana son zafi da laima da waɗannan ƙananan halittu, duka a lokaci guda. PLA tana bukatar wurin haɗa taki na musamman, mai zafin kusan digiri 58 da danshi na makonni. Mu kuwa zafi muna da shi, laima ce babu: wajen wata takwas muke yi ba ruwan sama. Ledar da iska ta rataye a ƙaya haka za ta zauna. Ko a Ingila mai yawan ruwa, masu bincike a jami'ar Plymouth sun bayyana a 2019 cewa jakunkunan da aka rubuta wa "mai ruɓewa" sun shekara uku a binne, aka tono su, suka ɗauki kaya ba su yage ba.

Me doka ta ce?

Nijar tana da doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ajiye leda marar kauri. Ruwanda ta yi irin wannan hani a 2008, Kenya a 2017. A nan gida dai kowa ya shiga kasuwa ya san ledar ba ta tafi ko'ina ba, don tana da araha, kuma ba a kawo madadin da ya kai ta sauƙi ba.

Namu na gida

Rogo da rake muna noma su a fadamun Matamai da Magarya, sai dai abinci ne. In masana'anta ta fara saye don yin leda, dole a duba bakin talaka tukuna. Amma kafin zuwan leda, da me iyayenmu ke cefane? Kwando da faifai da jakar kaba, ƙwarya, tandu na fata, ganyen naɗe goro. Dukkansu in sun tsufa gara ta ci, ƙasa ta shanye, ba tare da wani inji ba. Kuɗinsu kuma yana shiga hannun mata masu saƙa da dukawanmu. Gaskiya ne kaba ba ta riƙe ruwa ko mai, don haka ruwan leda yana nan yana jiran mafita.

Saboda haka, jama'a, musamman ƴan uwa na waje masu aiko da kaya gida: in kun ga "mai ruɓewa" a jikin leda, ku tambaya da me aka yi ta, kuma a ina take ruɓewa. In ba a ba ku amsa ba, ku ɗauke ta kamar kowace leda, ku nisanta ta da dabbobi da magudana. Ranar kasuwa kuma, a fito da kwando.