Kuɗin iri a bakin kanal

Wata rana a bakin kanal, kusa da Kadawa, na tsaya ina yi wa wani dattijo bayanin ɗan kuɗin da aka ba mu na bincike. Na ce masa ba na kammala aiki ba ne, na somawa ne. In abin ya yi kyau, da shi za mu nemo babba. Ya dube ni ya ce, "To ai iri aka ba ku, Malam. Allah ya sa kada ku dafa." Muka yi dariya. Mun dafa kuwa, kuma ba mu kaɗai ba.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya gangaro ta Ruwan Kanya ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashin farko na aikin noman ranin an tsara shi ne a kan hekta 22,000, daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da aka kafa a 1976. Alkama da tumatir da shinkafa suka samu gida. Katantanwa ma ta samu. Duk inda ruwa ke tafiya a hankali, ga ciyawa a gefe, nan take kwanciya, kuma a cikinta ƙwayar tsargiya ke girma. Yaro mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa, bayan 'yan makonni ya fito ya huda fatar wanda ya shigo wanka ko wanki. Da can tafki kan ƙafe da rani a huta. Yanzu ruwa shekara yake.

Malaman gona sun fi mu dabara tun farko. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa, da fili da ma'aikata masu kwana a wurin. Irin alkama ɗaya sai a gwada shi rani bayan rani kafin a miƙa wa manomi. Mu ma'aikatan lafiya baƙi ne. Mukan zo da mota da safe, mu koma kafin magariba, wani lokaci ba a sake ganinmu.

Ba don ba mu ga misali ba. A Garki, da ke Jigawa yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi daga 1969 zuwa 1976 suna nazarin zazzaɓin cizon sauro, likita da masanin sauro da mai lissafi a inuwa ɗaya. A Malumfashi, Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun bi tsargiya ƙauye-ƙauye. A Zariya, Brian Greenwood ya yi shekara goma yana aiki a kan sanƙarau kafin ya koma Gambiya. Sai dai galibin wannan da kuɗin waje aka yi, masu nauyi. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, naira ta faɗi, Turawa suka naɗe kayansu, manyanmu da yawa suka nufi Saudiyya da Ingila. Abin da ya rage shi ne binciken neman digiri: ɗalibi ɗaya, da kuɗin aljihunsa, da kwalabe ɗari biyu.

Irin wannan aikin na san shi kamar yunwar cikina. Tsakanin ƙarfe goma da biyu na rana ake karɓar fitsari, domin lokacin ne ƙwai ya fi fita. Hedimasta ya jera yara a gindin darbejiya, kowa da kwalbarsa. Kafin ka kai ga madubi ido ya riga ya gaya maka: wata kamar shayi, wata ja wur kamar zoɓo. Yaran suna ta ƙyalƙyala dariya, suna gwada wa ya fi ja, domin a wurinsu alamar zama namiji ce. Ka zuƙi mililita 10, ka tace, ka ɗora a madubi, ga ƙwai nan da ɗan tsininsa a gindi. Ka ƙirga, ka rubuta, ka raba maganin furazikwantel gwargwadon nauyin yaro. Kafin mu ɗaure kaya, rabinsu sun koma kanal.

Ƙaramin tallafin da na faɗa shi ne karo na farko da muka fita mu huɗu: ni daga ɗakin gwaji, da likitan yara, da masanin katantanwa daga sashen dabbobi, da wata malamar jinya 'yar yankin. Kuɗin bai wuce na mai da kwalabe da alawus ba. Amma a mako guda malamar ta gano abin da muka yi shekaru ba mu gani ba: mata ba sa kawo fitsari don ba a shiga gida an tambaye su ba, kuma da yawa suna fama da zubar jini da ciwon mara da ake ta yi wa maganin sanyi. Masanin katantanwa kuma ya yi abota da mai buɗe ƙofar ruwa, wanda ya san ranar da kowane reshe ke bushewa. Ba ɗayanmu da ya taɓa tunanin tambayarsa. Kashi na biyu na kuɗin ya maƙale a wani ofishi har damina ta sauka, hanya ta lalace. Muka rubuta takarda ɗaya, aka yi ɗan ja-in-ja a kan sunan da zai zo farko, kowa ya saka ta a fayil ɗin ƙarin girma, muka watse.

Tsakanin nan aka yi abin da ya ɓata wa kowa suna. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya sa kalmar "gwaji" ta zama abin tsoro, har inuwarta ta kai ga ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Daga nan, kafin ka karɓi kwalba ɗaya sai ka zauna gaban dagaci da liman. Na ga abokan aiki suna ƙorafin ɓata lokaci. Ni ina ganin abin da ya kamata mu yi ne tun da fari.

Kuɗin gida ya zo da asusun TETFund, wanda ya ɗauki wannan suna a 2011. Yana da ƙaramin tallafi na cikin makaranta, wanda ya daɗe bai wuce naira miliyan 2 ba, da kuma Asusun Bincike na Ƙasa da aka soma da naira biliyan 3, mai son a zo a ƙungiya. Tsanin ya yi kyau a takarda. Sai dai malami ya san takarda ce ke ɗaga shi, ba ƙungiya ba, don haka sau da yawa ƙaramin tallafin a kan ƙirga marasa lafiya yake ƙarewa. An ƙirga masu tsargiya a Kura da Bunkure har an gaji.

Inda na ga iri ya tsira shi ne a ciwon sikila. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, cikinsu da Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Michael DeBaun, sun fara da ƙaramin gwaji, yaran da ba su kai talatin ba. Tambayarsu mai sauƙi ce: iyaye za su yarda, kuma yara za su jure shan maganin haidiroksiyuriya don kauce wa shanyewar ɓarin jiki? A wannan ɗan lokacin aka koya wa ma'aikata auna gudun jini a ƙwaƙwalwa da na'ura, aka gyara ajiye bayanai. Da wannan shaidar suka samo babban tallafi, aka yi gwajin yara 220 a Kano da Kaduna, sakamakonsa ya fito a 2022: ƙaramin awo ma yana kare yaro. Ba su watse bayan takardar farko ba, shi ke nan bambancin.

Kadawa ba ta rasa tambaya irin wannan. Shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara kanal-kanal, kuma a ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Turai ta yaba da sabon furazikwantel na yara 'yan ƙasa da shekara shida, waɗanda rabon magani a makaranta ba ya kaiwa gare su. Kwanakin baya wata matashiyar likita ta kawo mini daftarin neman tallafi a kan matan yankin. Na duba jerin sunayen: likitar mata, mai ɗakin gwaji, mai lissafi. Na ce, "Likita, ina mai buɗe ruwa?" Ta ce, "Baba, ai fom ɗin digiri yake tambaya." Muka saka shi a layin kuɗin mota.