Baƙo Makaho Ne Sai An Nuna Masa Gari

Kwanakin baya muna zaune a rumfa bayan la'asar, ciniki ya lafa, sai wani maƙwabcinmu ya miƙo waya yana nuna mana hotunan ɗansa da ya samu takardar zama ɗan ƙasar Kanada. Ya ce bayan yaron ya yi rantsuwa an ba shi damar shiga gidajen tarihi da gandun dajin ƙasar kyauta har shekara guda, shi da 'ya'yansa. Wani dattijo a cikinmu ya yi dariya ya ce, "To su kuma mece ce ribarsu?" Mu 'yan kasuwa ne, ba mu yarda da kyautar da ba ta da dalili, shi ya sa muka bi diddigin maganar.

Wadda ta assasa abin ita ma baƙuwa ce. Adrienne Clarkson a Hong Kong aka haife ta, ta shiga Kanada tana ƙaramar yarinya 'yar gudun hijira a 1942, ta girma har ta zama Gwamna-Janar daga 1999 zuwa 2005. Da ta sauka, ita da mijinta suka kafa cibiyar kula da sababbin 'yan ƙasa, cibiyar kuwa ta fito da wannan kati na shiga kyauta, wanda yanzu ya koma manhajar waya mai suna Canoo. Wuraren da suka shiga tsarin sun haura dubu. Ribar da dattijonmu ke tambaya kuwa ita ce, mutumin da aka nuna wa tarihin gari zai ɗauki garin nasa, ya kiyaye shi.

A nan gida, sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce baƙon da ya shekara 15 a Najeriya, ya cika sauran sharuɗɗa, yana iya neman zama ɗan ƙasa. Mu dai Hausawan Majidaɗi ba takardar zama ɗan ƙasa muke nema ba, 'yan Najeriya ne mu gaba da baya. Amma kowa ya san abin da ke faruwa in yaro ya je neman takardar asali don makaranta ko aiki. Sai a tambaye shi, "Kakanka daga ina ya zo?" Yaron da aka yanke wa cibi a Jalingo, aka binne kakansa a Jalingo, sai ya tsaya yana inda-inda. Wani ɓangaren laifin namu ne, don mun koya wa 'ya'yanmu Kano da Katsina da Zazzau, ba mu koya musu ƙasar da suke takawa ba.

Bari mu ɗan waiwaya. Hulɗar Hausawa da wannan yanki ta girmi Jalingo da ɗaruruwan shekaru. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Kwararrafa tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, daga baya kuma ana kai musu dawaki ana karɓo bayi. A ƙarni na 17 kuwa mayaƙan Kwararrafa ne suka kai hari har birnin Kano, ba sau ɗaya ba. Ke nan mutanen da labarin Bayajidda ya jefa cikin "banza bakwai" sun taɓa girgiza birnin da muke tinƙaho da shi. Yaro nawa ne a unguwar nan ya san wannan?

Ba yaƙi kaɗai ya haɗa mu ba. Akwai Hausawan da suka sauka cikin Jukunawa tun da daɗewa, masaƙa da marina da fatake, suka yi auratayya, suka zama jiki ɗaya da masu gari. Su ne ake kira Abakwariga, har yau suna Wukari, ƙarƙashin Aku Uka. Waɗannan ba su jira wani kati ba. Sun koyi harshen mutane, sun san al'adunsu, sun san inda ake takawa da inda ba a takawa.

Masarautar Muri kuwa Hammaruwa ne, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa ta wajen 1817, a zamanin jihadi, hedikwatarta tana tsallaken Binuwai ta arewa. Sarki Muhammadu Nya ne ya dawo da ita nan. A ƙarshen 1892 ya ci garin Kona da taimakon wani sojan Faransa, Louis Mizon, wanda ya hauro kogi da manyan bindigogi, a 1893 kuma aka kafa Jalingo. Mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: ranar da wasu ke tunawa da ita a matsayin nasara, ga mutanen Kona ranar kuka ce, an kashe nasu an kama nasu. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ke zuciyar maƙwabcinsa Bakone ba, kuma in rigima ta tashi kamar ta 2019, sai ya ɗauka daga sama ta faɗo.

Hatta sunayen unguwanninmu tarihi ne. Majidaɗi, Barade, Turaki, Sintali, Sarkin Dawaki, duk sarautu ne na fada. Daga baya Turawa suka zo, aka yi Gongola, sannan ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Babangida ta yanke Taraba, Jalingo ta zama babban birni. Da yawanmu mun ga ranar da idonmu, mun ga yadda ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Su ma nasu 'ya'yan sun girma yanzu, suna buƙatar wanda zai nuna musu gari.

Ba mu ce ziyarar gidan tarihi za ta warware maganar takardar asali ba, wannan aikin doka ne da shugabanni. Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma abu uku muke roƙo.

Na farko, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin jiha su dubi abin da Kanada ta yi. Duk wanda aka ba takardar zama ɗan Najeriya a ba shi shekara guda yana shiga Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da gandun dajin Gashaka-Gumti, ba tare da ya biya ko kwabo ba. A haɗa da 'yan makaranta. Kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin gyaran kasuwar da aka ƙona.

Na biyu namu ne. Makarantun Islamiyya da na boko na unguwar nan su riƙa ware rana a shekara, mu 'yan kasuwa mu yi karo-karon kuɗin mota. A kai yara fadar Sarkin Muri, a kai su Kona su gai da dattawan garin su ji labari daga bakinsu, a kai su Wukari, a kai su Ibi su ga tafkin Nwonyo inda ake bikin kamun kifi. Gani ya kori ji.

Na uku, mu tattara namu. A gidajenmu akwai tsofaffin alluna, da wasiƙun ciniki na ajami, da mudu da tandu da sirdin da kakanni suka zo da su. Gara na ci, yara na yarwa. Kowane saurayi yana da waya a aljihu, to ya zauna gaban kakarsa ya naɗi labarin yadda aka zo, wa ya sauke su, wa ya ba su fili. Bana kaɗai mun yi jana'izar tsofaffi da dama waɗanda suka tafi da nasu labarin. Ko ɗaki ɗaya aka samu a unguwa, ya isa a fara ajiya, kuma ƙofarsa a buɗe ga kowa, Bakone da Bamumuye da Bafulatani, kyauta.

Duk mai wani tsohon kaya ko takarda, ya same mu a rumfa bayan la'asar mu rubuta sunan abin da gidan da ya fito. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Taraba lafiya.