Gyaɗa, Ɓera da Mai Tsaron Gado

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda cikin 1929, gyaɗa ta zama babbar hajar wannan yanki, har da su Nahuce ta ƙasar Bunguɗu. Amma ba a san mugun abin da ke ɓoye cikin gyaɗar da ta yi fumfuna ba sai cikin 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar da aka kawo daga Barazil. Aka binciko dafin, aka sa masa suna aflatoksin.

Ɓera ne ya taimaka aka gane irin ɓarnarsa. Cikin 1979 David Lane da Arnold Levine, kowa da abokin aikinsa, suka gano p53 a ƙwayoyin jikin ɓera. Aikinsa tsaron DNA, watau rubutun gadon halitta. In rubutun ya ɓaci, sai ya hana ƙwaya rabuwa har a gyara, in kuwa ya ƙi gyaruwa ya sa ta mutu. Cikin 1992 aka hayayyafa ɓeraye marasa shi a Amurka, galibinsu ciwon daji ya kama su cikin wata shida.

Tun 1991 kuwa aka tarar masu dajin hanta a Sin da kudancin Afirka, p53 ɗinsu ya lalace a gurbi guda, na 249, inda wannan dafi yakan sara. Saboda haka manomin da ya busar da gyaɗarsa sarai kafin ya zuba rumbu, hantar iyalinsa yake tsarewa.